Gatarin Mai Hawa Gawo

Jiya da la'asar ina zaune a bakin rumfa ina jin ku, kuna cewa wai wasa gatari ai wasa ne. Ɗayanku, wancan mai wandon da aka ɗinka da ragowar yadi, har da bugun ƙirji, wai in aka ba shi injin nan mai ƙara, kafin in gama amsa sallama ya cika buhu da gatura masu kaifi. Na yi shiru ne don bakina cike yake da goro. Yau babu goro, saboda haka ku gyara zama.

Inji yana cin ƙarfe, ban musa ba. Amma inji ba ya tambayar hannun da zai riƙe gatarin, kuma a nan aikin yake. Ni a maƙerar Baba Tanko na tashi, yayan mahaifina, a Unguwar Hajji. Na daɗe ina zuga kafin ya yarda in taɓa masaba, har na fara zaton da zugazugi za a binne ni. Abin da ya fi ba ni haushi a wurinsa shi ne gaisuwa. Mutum ya zo da gatari, Baba ya kama hannunsa ya ƙi saki: yaya gida, yaya iyali, yaya gona, yaya jakin nan naka mai tari. Sai mutumin ya tafi Baba ya juyo gare ni.

"Me ka gani?"

"Mutum na gani, Baba."

"Af, madalla, ashe ba akuya ce ta shigo ba. Tafin hannunsa fa? Ina kanta ta fito masa?"

In na ce ban lura ba, sai ya ce in ci gaba da zuga, tunda idona ado ne. A haka na gane gaisuwar tasa awo ce. Yana jin faɗin tafi, da ƙarfin riƙo, da wurin da fata ta yi kanta, kafin ya ɗora ƙarfe a kan uwar maƙera.

Ga dalili, ku buɗe kunne. Gatarin faskare, wanda ake fasa itacen girki da shi a tsakar gida, daga sama yake saukowa a tsaye, don haka kuncinsa biyu daidai ake wasawa. Gatarin sarar reshe kuwa da hannu ɗaya ake sara da shi, a karkace, mutum yana maƙale a kan bishiya. Shi kuncin da ke kwanciya a jikin itace ana kwantar da shi sosai, ɗayan a bar masa ɗan tudu don ya riƙa ture ɓarɓashi waje. In ka yi wa na-dama, daidai. In wannan gatarin ya faɗa hannun hagu, tudun ne zai fara dukan itace, bakin ya zame ya tafi neman abin da ya fi kusa. Abin da ya fi kusa kuwa, galibi ƙafar mai sara ce.

Masu kawo aiki kam sai addu'a. Ban taɓa ganin wanda ya kawo gatari ya ce shi ya ɓata shi ba. Wani manomi daga Daura, Daurar nan tamu ta Karaye, ya kawo min nasa bakin ya yi giɓi kamar na tsohuwa, ya rantse har da dafa ƙirji cewa itace kawai ya sara. Na ce masa itacen nasu na Daura da ƙusa yake tsirowa ke nan, ya taimaka ya kawo min iri in shuka. Ya yi fushi ya tafi, ya dawo da yamma ya ce ƙaninsa ne ya ara ya kwance ƙyauren kwano da shi. Kullum akwai ƙani a cikin maganar.

Shekarar da nake so in ba ku labari, farin nan ne na shekarun tamanin, iyayenku sun sani. Ruwa ya ɗauke gero yana bununi, dawa ta tsaya iya gwiwa. Da rani ya shigo babu harawa, babu kara, makiyaya sun kalle gonaki har ƙasa. Sai kowa ya ɗaga kai sama, domin gawo shi da rani yake ganye. Duk Bafillacen da ke da saniya ya koma mahayin bishiya, gatari ya yi daraja, mu kuma sifirin mota da muke ƙera shi da shi ya yi wuyar samu. Ranar kasuwar Rogo nakan ɗaure zugazugi da 'yar uwar maƙera da magagari da dutsen washi a bayan akori-kura, in je in kafa rumfa a gefen 'yan igiya, ba na ɗaga kai sai rana ta yi sanyi.

A wannan ranin ne 'yan tireda suka fara kawo wasu ƙananan gatura 'yan waje, masu araha, an shafe kansu da jan fenti. Mutanen Rogo ba su ɓata lokaci ba suka sa musu suna jan-baki. Ƙarfen ba laifi, amma bakin a dakushe yake kamar gefen faranti, ƙotar kuma wani farin itace ne mara nauyi, an shafa masa abu mai santsi, da ka yi gumi sai ya nemi barin hannunka. Wani abin kuma, mu a wurinmu ƙarfe ne ke shiga itace: a gasa wutsiyar gatari ta yi ja, a huda kan ƙota da ita. Shi jan-baki itace ne ke shiga ƙarfe. Rami gare shi, sama da faɗi, ƙasa a tsuke, sai a zuro ƙota ta sama, siririn ya fara wucewa, mai kaurin ya maƙale, duk saran da aka yi ƙara kamawa yake. Wani maƙeri, ba zan faɗi garinsu ba don 'ya'yansa suna nan, ya cusa ta ƙasa ya buga mata ƙusa. Mai gatarin ya ɗaga zai gwada a tsakiyar kasuwa, kan ya tashi sama ya sauka a ƙwaryar nonon wata Bafillatana. An sha kallo ranar, nono ne dai ba a sha ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi wani dogon tsoho ya tsaya a bakin rumfata, da malafa, da sanda a gicciye a kafaɗa. Baffa Joɗi ake ce masa, rugarsa tana can bayan Rogo Sabon Gari. Na san shi sama-sama, irin dattijon nan da ko ruwa ba ya sha a kasuwa don kada a ga maƙogwaronsa yana motsi.

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, Maƙeri."

"Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa, Baffa. Yaya ruga? Yaya shanu?"

"Suna nan yadda Allah ya bar su."

Na kama hannunsa na ja gaisuwa irin ta Baba Tanko. Tafin dama ne mai kanta, busasshe, riƙo da ƙarfi. Ya kwance wani tsumma ya fito da jan-baki, ƙotar ta tsage, bakin ko kabewa ba zai shiga ba.

Na ce, "Wa zai yi aiki da shi?"

Ya ce, "Na gida ne."

Na ɗauka nasa ne. Na sha ganin tsofaffin Fulani a kan gawo a shekarar nan, yunwar saniya ba ta bar wa kowa girma ba. Na buge tsohuwar ƙotar ta fita. Wajen cire fentin ban sa ƙarfen a wuta ba, don wuta tana kashe ƙarfin ƙarfe, ku riƙe wannan. Da yashi da ruwa na dirje shi, inda tsatsa ta ci a cikin ramin na jiƙa da ruwan tsamiya na goge. Na ɗauko busasshen marke da na taho da shi, wanda ya daɗe a rataye a rumfata ta gida, na sassaƙe da gizago, na kankare da fasasshiyar kwalba, na ɗan babbaka shi sama-sama, na shafa man kaɗe. Sannan magagari, sannan dutse, ina tofa ruwa ina ja, har bakin ya kama farcena. Na yi masa kunci na hannun dama. Tsoho ya karɓa ya yi godiya ya tafi.

Kasuwa ta zagayo sai ga shi.

"Maƙeri, yana zamewa."

Raina ya ɓaci, don a gaban mutane ya faɗa. Na jawo wani gungume na kafta masa sara, gatari ya shige ya tsaya, sai da na taka da ƙafa na zare. Na ce, "Baffa, wannan ne mai zamewa? Ko dai gawon naku an shafa masa man shanu?" 'Yan igiya suka kwashe da dariya. Tsohon ya miƙo hannu ya karɓa. Ya daɗe yana kallon gatarin, bakinsa ya motsa kamar zai yi magana, sai ya naɗe shi a tsumma ya juya.

Da ya dawo karo na gaba ban yi dariya ba. Ya ajiye gatarin a gabana ya tsuguna, bai ma ce yana zamewa ba. Na ɗauka na juya. Ƙotar ta sha gumi ta yi duhu, kuma gurbin babban yatsa ya fito a gefen da bai kamata ba. Kuncin da na bar wa tudu shi ne ya goge yana ƙyalli, alamar shi ke dukan itace. Kusa da kan kuma akwai wani tabo da aka dirje da yashi, amma ya riga ya shiga cikin itacen.

"Baffa, wannan jini ne."

"Ƙauri ne. Bai kai ƙashi ba."

Na leƙa ƙafafunsa, lafiya lau. "Ƙaurin wa?"

"Na mai hawa."

"Wane ne mai hawa?"

Ya ɗaga kai yana kallon wata shirwa da ke shawagi a kan mahauta, kamar ita ya zo gani daga ruga. Nan take na gane. Ɗan farinsa ne.

Ku da kuke saɓa ɗan fari a wuya kuna ɗaukar hoto da waya ba za ku gane ba. Mu ma Hausawa muna kunyar ɗan fari, amma ta Fulanin wancan lokaci ta fi ƙarfin wasa. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya zancensa, ba ya nuna ya san yana wurin. In suka haɗu a hanya sai ka rantse baƙi ne. Tsohon nan ya gwammace ya yi ta sintiri tsakanin ruga da kasuwa a cikin ranar nan, da ya buɗe baki ya ce min ɗana bahago ne.

Na ce, "To ka turo shi ya zo da kansa mana."

"In ya zo wa zai hau? Shanu ba su san ranar kasuwa ba."

Da tambaya da ja na samu sauran. Ƙannen mai hawan sun kora masu ƙarfin garken sun yi kudu. Waɗanda aka bari su ne waɗanda ba za su iya tafiya ba, tsofaffi da masu ciki, kuma abin da mai hawa ya saro musu da safe da yamma shi ne abincinsu. Da ciwon a ƙafa yake hawa. In ya kwanta, su ma sun kwanta, kuma tsohon ya san sara na gaba ba lallai ya tsaya a fata ba.

Yanzu fa na san duk abin da nake bukata, ko kusan duka. Amma ni tsokana a jinina take, kuma ba kullum Allah ke kawo maka dattijon Bafillace har rumfa a tsugune ba. Na sha mur, na ajiye gatarin a gefe.

"Baffa, mu maƙera muna da ƙa'ida. Ba a yi wa ƙarfe kaifi sai da sunan mai shi. In ba a ambata ba, ba ya kamawa."

Ya dube ni ta ƙarƙashin malafa. "Wancan karon ka yi babu suna."

"Shi ya sa ya zame."

'Yan igiya suka matso, an samu abin kallo. Tsoho ya zana ƙasa da tsinke, can ya ce, "Sunan wani annabi ne."

"Musa?"

"Alaihis salam."

"Isa?"

"Alaihis salam."

"Yusufu? Ayuba? Sulaimanu?"

"Amincin Allah ya tabbata a gare su baki ɗaya."

Kai, tsohon nan ya iya! Na ga in na biye masa sai mu sauke littafi ban samu komai ba. Na ce to shi ke nan, a bar suna, amma ni ban taɓa gaisawa da hannun ba, ban san faɗinsa ba, ban san riƙonsa ba, kuma ba zan sake yin aikin makafi a zo a ce min yana zamewa a gaban jama'a ba. Wannan kam gaskiya na faɗa, ba tsokana.

Ya dubi dama, ya dubi hagu. Ya miƙe ya zaga bayan zanan rumfar inda 'yan igiya ba sa hangowa, ya yafito ni da hannu. Na bi shi. Ya karɓi gatarin ya mayar hannun hagu, ya ɗaga, ya karkata kafaɗa, ya ɗan sunkuyar da kai gefe. Wallahi sai na ga wani mutum daban a tsaye, ba shi ba.

Ya ce, yana kallon zana, "Haka ake riƙewa. Can ƙarshe, ba a tsakiya ba. Tafin ya fi nawa faɗi da kamar yatsa. Ƙaramin yatsan ba ya lanƙwasa, saniya ta taka shi tun ana rarrafe, don haka ƙota takan so zamewa ta nan. Ana gumi a hannu, ka rage man nan naka. Ba a sara da ƙarfi a farko, sai an ɗanɗana sau ɗaya an ji itacen. In an gaji ana cije leɓe, kuma sara yana sauka ƙasa da inda aka nufa."

Na tsaya baki buɗe. Mutumin da bai taɓa ɗaga ido ya dubi ɗansa a gaban mutane ba, ga shi yana karanto min yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Tausayinsa ya kama ni, amma bakina bai san tausayi ba.

"Baffa, ashe dai kana kallonsa."

Ya ce, "Wa?"

Aikin ya ci sauran yinin. Juya kunci ba ƙaramin abu ba ne, don sai ka cinye tudun nan da magagari a hankali, ka tayar da wani a ɗaya gefen, ba tare da bakin ya yi siriri ba. In ya yi siriri irin na aska, kullin gawo na farko zai ɓantare shi. Injinku da ya yi wannan cikin ƙiftawar ido, ya kuma ƙona bakin ya yi shuɗi, kwana kaɗan ya lanƙwashe. Na sake ƙota, na ƙara mata tsawo da kauri daidai tafin da aka kwatanta min. Gindin ba ya yiwuwa ya yi kauri tunda sai ya bi ta ramin, don haka bayan na zura na samo ɗanyar fata wurin dukawa na naɗe ƙarshen, in ta bushe ta kame, ta tare wurin da yatsan nan ba ya rufewa. Mai kuwa ɗan kaɗan na shafa, na goge da toka. Da na gama rana ta tafi, fatar ba ta bushe ba. Na ce wa tsoho ya tafi, ni zan kwana a Rogo wurin wani ɗan'uwanmu, da safe in kawo da kaina. Ya ce ba sai na wahala ba. Na ce ai ba don shi zan zo ba, hannun nake so in gaisa da shi.

Da sassafe na ari keke na kama hanya. Rugar 'yan bukkoki ce a gefen wata busasshiyar fadama, ga gawo manya-manya a tsaye, rabinsu an riga an yi musu aski. Shanun kuwa, Allah kada ya sake nuna mana. Ƙasusuwa ne aka yafa wa fata, wasu a kwance, sai an kama wutsiya an ɗaga su suke tashi. Baffa Joɗi yana zaune can gefe a kan buzu, ya ba bishiyoyin rabin baya, yana tufkar igiya.

Mai hawa ya fito. Ni da nake zaton saurayi, sai ga ƙaton magidanci da gemu, ƙaurin dama a ɗaure da tsumma, yana ɗingishi. Ya fara zuwa ya durƙusa nesa da tsohon ya gaishe shi, tsohon ya amsa wa igiyarsa. Sannan ya zo wurina muka gaisa. Na riƙe hannun na dama don ladabi, na kamo na hagun don aiki. Duk abin da aka faɗa min yana nan, har yatsan. Na miƙa masa gatarin. Ya karɓa, ya jinjina, yatsunsa suka zauna a kan fatar nan, sai ya dube ni da mamaki.

"Maƙeri, ka taɓa ganina ne?"

Na ce, "Mu maƙera a mafarki ake nuna mana."

Ya rataya gatarin a kafaɗa ya kama gawo. Ban san yadda suke yi da ƙayar nan ba, har yau. Ya kai sama ya gyara tsayuwa, ya ɗanɗana sau ɗaya kamar yadda aka ce, sannan ya sake. Kaf! Reshe ya taho. Shanun nan da jin ƙarar sara suka fara miƙewa, masu iya gudu suna tangaɗi, marasa iyawa suna kuka daga kwance, wuri ya ruɗe. Ya saro na biyu, ya saro na uku, ina jin dariyarsa daga sama. Ni kuma ina ƙasa ina hura hanci, ina satar kallon tsoho ko zai yaba. Ko gezau, tufka yake.

Sai mai hawa ya matsa kan wani babban reshe. Ya saba da gatarin da sai ya yi ta dukan itace kafin ya shiga, saboda haka ya miƙa ƙafar nan mai ciwo ya ɗora a kan reshen da yake sara, ta wajen saran, don ta huta, da niyyar in ya ji ya fara ƙara ya janye. Wannan gatarin kuwa ba ya jira. Daga ƙasa na hango reshen ya fara buɗewa ta ciki, farin itace yana bayyana, shi bai gani ba, nauyinsa duk yana kai. Tsayin wurin ya fi soro. Na buɗe baki, sai na tarar ba ni da abin da zan kira shi da shi.

"Kai! Kai, mai hawa! Malam!"

Ina! Kukan shanu ya cinye muryata, kuma a kan bishiya kowa kai ne. Ya sake ɗaga gatari.

"Yunusa!"

Ban taɓa jin murya irin wannan daga ƙirjin tsoho ba. Har shanun sai da suka yi tsit. Na sama ya daskare da gatari a ɗage.

"Yunusa, ƙafarka!"

Ya janye ta, ya rungume uwar bishiyar. Reshen ya yi wata ƙara ya ɓalle da kansa, ya zo ƙasa ya daki wurin da ƙura ta tashi har kan bukkoki. Shanu suka yi kansa.

Na juya. Baffa Joɗi yana tsaye, malafa ta faɗi, sanda ta faɗi. Da ya ga ina kallonsa sai ya koma ya zauna, ya ɗauki malafar ya kifa har hanci, ya jawo igiya. Baya yake murzawa, tufkar da ya yi tun safe tana warwarewa bai sani ba.

Yunusa ya daɗe a sama. Ba reshen yake kallo ba, ƙasa yake kallo, ya dube ni, ya dubi mai tufka, ya sake dubana. Sannan ya sauko a hankali, ya ɗingiso ya tsaya a gabana, idonsa ya yi ja.

"Maƙeri, kai ka kira ni?"

Ga abin da na yini ina nema a kasuwa an kawo min har hannu. Kalma ɗaya zan faɗa in samu labarin da zan yi shekara ina ba 'yan igiya. Na saci kallon tsoho. Bai ɗago ba, amma igiyar ta tsaya cak a hannunsa.

Na ce, "Ni ne mana. Duk wurin nan wa ka gani mai ƙaton baki in ba ni ba?"

Ya gyaɗa kai. Bai tambaye ni inda na samu sunan ba. Ya juya gatarin a hannunsa, ya share fuska da gefen riga, sannan ya ɗaga murya yadda ta wuce ni ta kai inda ya nufa.

"To, na gode. Tun da aka haife ni ban taɓa jin an faɗe shi da daɗi haka ba."

Ya mayar da gatari kafaɗa ya nufi gawo na gaba. Sai da ya fara hawa tsohon ya yi gyaran murya, sau biyu, kafin maganar ta fito.

"Maƙeri," ya ce, "in ka samu dama, ka gaya wa mutumin nan ya riƙa duba inda yake sa ƙafa."